Muryar da Ta Hana Kowa Ji

Wata marubuciya tana zaune a ofishin maɗaba'a tana jiran manaja, idonta a kan wata ma'aikaciya da ba ta taɓa gani ba. Siririya ce, gilashinta ɗaure da zare, tana danna kwamfuta da yatsa biyu. Aikinta shi ne haɗa kowane littafi da 'yan'uwansa wuri guda, don mai saye ya gan su tare.

Sai ga littafin marubuciyar a kan allon. Matar ta jawo mai kaurin bango, ta haɗa da mai laushin bango, ta ƙara na karantawa a waya. Da ta zo kan na saurare, wanda aka naɗa da murya, sai ta waiga hagu da dama, ta ware shi can inda mai nema ba zai gani ba.

Ashe shi ya sa ba a taɓa sayen na sauraren ko ɗaya ba!

"Baiwar Allah, me na yi miki? Littafina ne fa!"

Ko gezau matar ba ta yi ba. "Rubutun naki ne, ƙanwata. Muryar ba taki ba ce."

Ta maƙala abin saurare a kunne, ta lumshe ido, leɓɓanta suna bin karatun kalma bayan kalma.

Nan marubuciyar ta tuna, mutumin da aka naɗi muryarsa yana karanta littafin ya rasu bara. Matarsa ce wannan? Ko wadda ya mutu bai san tana sonsa ba?

Manaja ya leƙo yana tambaya ko da matsala. Marubuciyar ta buɗe baki, ta dubi matar, ta ce, "Babu."