Idon Ladanin Garinmu

Cikin shekarun da na yi ina wanzanci a ƙasar Roni, akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na tsaya wa ladanin garinmu a gaban dagaci.

Mutumin kirki ne, bai wuce shekara arba'in ba. Sai tafiyarsa ta canza, yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi har a kiran salla. Ga gonarsa dab da unguwar Maguzawa masu dafa burkutu. Mutanenmu kuwa ba sa neman hujjar da ta fi wannan, nan da nan aka ce sha yake yi. Dagaci ya tsare shi a zaure, ya ce da safe dogari zai kai shi wurin alƙali a Kazaure. Bulala tamanin ke jiransa a bainar jama'a, ladancin ma ya tafi.

A wurinmu ba a ƙura wa babba ido, sunkuyar da kai ake yi. Wanzami kaɗai ke riƙe haɓar mutum ya dube shi sosai. Ni na yi wa mahaifin ladan aski har ya rasu, shekara bakwai yana kwance, iyalinsa suna cewa sanyi ne. Na san idon tsohon. In ka kira shi, kansa ne ke fara juyawa, ido ya biyo baya a hankali, in ya kai gefe ya yi ta rawa. Tun bara nake ganin haka a idon ɗansa, na yi shiru.

Da safe jama'a sun taru a zauren, na durƙusa gaban dagaci na nemi izini. Na ɗaga yatsa na ce, "Malam, dubi nan. To, dubi can." Dagaci ya matso ya ga rawar idon da kansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, giya tana sakin mutum in ya kwana. Wannan idon mahaifinsa ne, ciwon gidansu ne."

Aka sallame shi. Na fito ina jin kaina, sai ka ce ni ne alƙalin. A hanya ladan ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, "Wanzam, kwanciyar Baba ce ke jirana ke nan?"

Ashe bai sani ba, a gaban jama'a na sanar da shi.

Ya ce, "Da ka bari sun yi bulalar. Ita kwana bakwai ta warke."

Ran Juma'a ya zo da 'ya'yansa maza biyu, ya zaunar da su a tabarmata. "Yi musu aski. Abin da ka gani kuma, riƙe abinka."

Ban yi nadamar ceton mutuncinsa ba. Nadamata shirun da na yi shekara guda. Daga ranar na gane cewa gaskiya mai ɗaci, mai ita ake fara gaya wa, a keɓe, tun kafin taro ya tilasta ka faɗe ta.