Sunan da Kaka Ba Ta Iya Faɗa

A gidanmu ba a fara tatsuniya sai an gaida matattu. Na tashi ina zaton haka kowa yake yi, sai da na je hutu gidan ƙanwar Inna a Yelwa, na ga an tara yara an shiga labarin Gizo kai tsaye. Na ce a raina, oh, waɗannan bayin Allah ba su da kowa a lahira ne?

Ƙauyenmu yana bakin tafki, kusa da Warra, amma ba nan ne asalinmu ba. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda mutane ke kira Ta-Gungu, a tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, a wani gungu, wato tsibiri, da ake noman albasa. Da aka tare ruwa a Kainji, aka kwashe su aka kawo tudu. Sun ɗauko tukwane da turame, har ƙyauren ɗaki wasu sun ciro. Kaburbura ne ba a ɗauka. Duk wanda Kaka ta binne kafin tashin nan yana ƙarƙashin ruwa, ba inda za ta je ta tsaya ta ce ga shi nan. Shi ya sa ta raba mana su, kowane jika da mamacin da zai riƙe. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: kar ta mutu sunayen nan su bi ta.

Tsakanin magariba da isha'i muke taruwa, a bakin wutar banda, inda take busar da kifin da Baba ya kamo. Hayaƙi yana sa mu hawaye, sauro yana cin ƙafafunmu, amma ko da bulala ba ka kore mu. Tana zaune a kan ɗan turmi, tana juya karfasa da hannu kamar wutar ba ta da zafi. Sai ta ɗaga kai ta ce, "To, su wa suka riga mu?"

Yayana Audu ne ke farawa, yana wani buɗe ƙirji, don nasa Mamman Sarkin Ruwa ne, wanda ya soki dorina shi kaɗai. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Balki, 'yar baffana, ta faɗi Gwaggo Tani, ungozomar da ta yanke cibin rabin gungu. Allah ya jiƙanta. Idan aka zo kaina sai Kaka ta ce, "Ke mai baki, hwaɗi taki."

In ce, "Ramatu."

Ba ta ɗago kai. Can ƙasa-ƙasa take cewa, "Allah shi sa mai ceto ce."

Abin yana ci mini rai, wallahi. Kowane suna da labarinsa, in Kaka tana cikin nishaɗi har kwaikwayon tafiyar Sarkin Ruwa take yi. Tawa ba ta soki dorina ba, ba ta karɓi haihuwa ba, ko addu'arta ma daban ce da ta mutane. Sunan kansa ba daga bakin Kaka na same shi ba, Inna ce ta raɗa mini a kunne. In na tambayi wace ce, sai Kaka ta ce kifi zai ƙone.

Wata rana Audu ya tsokane ni da yamma, ya ce ai an duba an ga ni ce ragowa shi ya sa aka ba ni ragowa. Da aka zo kaina a bakin wuta, na turo baki.

"Ni a canza mini. Wannan Ramatun ba ta yi komai ba a duniya."

Hannun Kaka ya tsaya a kan kifi. Ba ta zage ni ba, ita da bakinta ba ya hutawa. Ta dai dube ni, ta maida ido kan wuta. Inna ce ta taso daga bakin murhu, ta ja ni bayan ɗaki da kunne.

"Ke wace irin yarinya ce? Kin san wa kika ce a canza? Ɗiyarta ce ta fari. Yayar babanki. Tana shekara uku zazzaɓi ya ɗauke ta, tun suna gungu."

Na ce, "To me ya sa ba ta faɗa da kanta?"

"Kin taɓa jin na kira sunan Audu?"

Ban taɓa ji ba. Inna sai dai ta ce "kai" ko "wancan", don uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce da muka tarar. Inna ta ce Ramatu ba ta bar ɗa ba, ba a yi mata takwara ba, waɗanda suka san fuskarta duk sun ƙare. Mutum ɗaya ya rage da ke tuna ta, shi ne kuma mutumin da bakinsa ba zai iya kiran ta ba. "Bakinki kakarki ta ara," in ji Inna. "Ke kuma kin ce a canza miki."

Na koma bakin wuta jikina a sanyaye. Na ce "Ramatu" da wata murya da ni kaina ban gane ba. Kaka ta yi addu'arta, ta gyara zama, ta buɗe labari yadda ta saba.

"Ga wata ta taso daga ruwa."

Muka amsa, "Ta iso tudu lafiya."

Wai wani masunci ne birginsa, ragar kamun kifi, ya maƙale a tsakiyar kogi. Ya nutsa zai ciro, ya yi ta tafiya ƙasa, har ya faɗo cikin wani gari. Gari sosai, da zaure da rumbuna, ga mutane suna ta harkarsu. A ƙofar kowane gida akwai ƙwarya. Yana tsaye sai ya ga fura ta sauko cikin wannan, waina ta sauko cikin waccan, wata kuma haske ne kawai ya cika ta. Aka ce masa ai wannan sadaka ce da addu'ar 'yan sama, duk wanda aka kira sunansa, tasa ƙwaryar ake cikawa. A ƙarshen gari ya iske wata tsohuwa, ƙwaryarta a kife har gansakuka ya fito mata. Maƙwabta ne ke ɗan sam mata abin da suka rage. Tausayi ya kama shi, ya ce ta faɗa masa sunanta. Ta ce, "Zan sa maka shi a baki. Kar ka buɗe sai ƙafarka ta taka tudu."

A nan Kaka ta rage murya, har muna jin ƙarar itace a wuta. Masunci ya taso, ya hau jirginsa, baki a rufe. Saura kaɗan ya kai gaɓa, sai ga giwan ruwa ta juya a gefen jirgi, irin wadda bai taɓa gani ba. Kafin ya ankara ya ƙwala ihu, "Ku kawo mashi!" Sunan ya faɗa ruwa, tsulum. Ya yi nutso har ya gaji, bai sake ganin garin ba. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ya dama fura ya raba wa yara, ya ce, "Don wadda sunanta ya faɗi daga bakina."

Balki ta ce, "To Kaka, yana isa wurinta?"

"Mi na sani? Ban tahi can ba tukuna. Allah dai ya san mai ƙwarya." Ta kakkaɓe zaninta. "Ta koma ruwa inda ta hito. Ku tashi, ga ladan can."

A daren ban iya kallon tafki ba. Ruwan da muke wanka da wanki a ciki kullum, ashe gari ne a ƙasansa, kuma akwai wata yarinya 'yar shekara uku da ƙwaryarta ke jiran bakina. Tsoro ya kama ni, amma ba irin tsoron dodo ba. Ji na yi an ɗora mini wani abu da ya fi ni girma. Ban ƙara fashin sunan nan ba, ko ina zazzaɓi sai na rarrafo na faɗa.

Da daɗewa ina ɗauka labarin gargaɗi ne gare ni, mai sakin baki. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji yadda sunansa ke zuwa mini har kan harshe in haɗiye, sannan na gane ba ni kaɗai take nufi ba. Ita ce aka sa wa suna a baki aka ce kar ta buɗe. Ta riƙe shi tun tana budurwar uwa har haƙoranta suka zube, ba ta yar ba, ba ta kuma furta ba. Ni da zan iya kiran nawa ta wata inkiya ya amsa, ya rugo ya faɗa jikina, ban san yadda ta yi ba. Har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take yi.

A shekararta ta ƙarshe, lokacin da ruwa ya ja baya sosai, ta ce a kai ta inda gungunsu ya nutse. Baba ya hana, ya ce jikinta ba zai ɗauka ba. Ta ce to za ta tafi da ƙafa. Dole Audu ya shimfiɗa tabarma a jirginsa mai inji, muka ɗauke ta ni da shi kamar jaririya. Idonta ya riga ya yi rauni, amma ta sa aka juya ta tana fuskantar wani dutse da ke can hayi. Tana ta cewa, "Gaba. Ɗan yi dama. Gaba kaɗan." Ni ban ga komai ba sai ruwa ko'ina. Can ta ɗaga hannu.

"Nan. Kashe wanga abu."

Audu ya kashe inji. Shiru ya sauko, sai ruwa da ke ɗan bugun cikin jirgi. Ta ce, "To, su wa suka riga mu?" Audu, ƙato da gemu, ya cire hula ya faɗi nasa. Na faɗi ta Balki tunda aure ya kai ta nesa. Na buɗe baki zan faɗi tawa, sai Kaka ta damƙe mini wuyan hannu, da wani ƙarfi da ban san ya rage mata ba.

"Bari."

Ta sunkuya a bakin jirgi har goshinta ya kusa taɓa ruwa. Sannan ta yi kira, ba da muryar addu'a ba, da muryar da mace ke kiran ɗanta in ya yi nisa da wasa.

"Ramatu! Ramatu, ni ce, innarki. Na daɗe ban kira ki ba. Ki yi haƙuri."

Muka zauna a kan ruwan nan har ta ɗago da kanta, ta share fuska da bakin mayafi, ta ce wa Audu, "Tada injinka. Ta ji."