Gogen Ziblim a akwatin gilashi

Duk wanda ya san Ziblim mai goge ya san shi a tsaye. Ko tuwo aka ajiye masa, ƙafa ɗaya na waje yake ci. Tun yana yaro yake bin ubansa kasuwa-kasuwa, daga Kumbungu zuwa Tolon, yayarsa Sanatu na biye tana kaɗa musu caki. Da tsohon ya rasu ya bar masa goge: ƙwarya ta yi baƙi don shan hannu, fatar guza a kai, izgar doki a ɗaure. Ziblim ya ci gaba da yawo har furfura ta fito masa, Sanatu kuma ta yi aure, ta tsufa a ƙauye, cakinta na rataye a bango.

Sai ga Alhaji Imoro, mai masana'antar man kaɗe a Tamale. Kada wani ya zage shi, mutumin kirki ne, son goge ne kawai ya yi masa yawa, don da shi mahaifiyarsa ta yi rawar aurenta. Ya aika mota lungu-lungu aka kwaso masa masu goge, ya gina musu ɗakuna a bayan masana'anta, ga abinci, ga riguna masu nauyi. Aikinsu ɗaya: ranar Juma'a su zauna a falonsa su goga wa baƙi. Su zauna fa! Ziblim ya ji kamar an ɗaure shi da igiya.

Ranar da Alhaji ya ga gogen da Ziblim ya gada daga ubansa, hawaye ya kawo masa. Ya ce wannan ya fi ƙarfin yawo a rana. Ziblim kuwa kunya ta kwashe shi, ya ce, "Ai naka ne, ranka ya daɗe." Maganar baki ce irin wadda kowa ke yi, amma Alhaji ya karɓa hannu biyu. Aka sa gogen a akwatin gilashi cikin falo mai na'urar sanyi, aka ba Ziblim sabo fil mai ƙyalli.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya zagaya masana'anta, ya dawo, ya sake zagayawa. Wumbei, abokin ɗakinsa, yakan ce, "Kai dai akuya ce ta haife ka. Ga ci ga sha, me kake nema a bakin ƙofa?"

"Ƙafata ke ƙaiƙayi."

"To sosa ta a zaune mana, tsohon banza!"

Duk Juma'a yana goga sabon, idonsa na kan akwatin. Fatar guza ba ta son sanyi, sai ta sha rana take ɗaurewa ta ba da murya. Yana gani tana saki a hankali, abin na cin ransa.

Ana nan saƙo ya zo daga ƙauye: Sanatu na kwance, jiki ya ƙi, kuma ta ce ba ta son komai sai ta ji taken gidansu a gogen Baba.

Ziblim ya nufi Alhaji. To amma a al'adarsu ta Dagomba, in ka durƙusa gaban babba ya miƙo maka kyauta, magana ta ƙare, sai godiya ka tashi. Alhaji kuwa hannunsa ya fi bakin kowa sauri. Ziblim bai gama gaisuwa ba an ɗora masa hula. Ya koma washegari, aka ba shi buhun shinkafa. Ya sake komawa, ya fito da takalma. Yana tafe yana zagin kansa, ga tsoron kada ya isa ƙauye ya tarar ana zaman makoki.

Wumbei ya ce, "Wallahi in ka ci gaba haka, kanti za ka buɗe."

Ranar da ya gaji, ya shiga falon ya durƙusa, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Alhaji ya miƙo agogo. Ziblim bai motsa ba, gumi na zuba duk da sanyin ɗakin.

"Lafiya, Ziblim?"

"Ranka ya daɗe, yau ba ni da hannu. Yayata ce za ta mutu, gogen ubanmu take son ji."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Subhanallahi! Tun yaushe? Shi ne kake ta kwasar min huluna ka yi shiru?" Da kansa ya buɗe akwatin, ya kira direba.

Da hantsi suka isa. Sanatu na nan da rai, ta rame ƙwarai, amma bakin bai mutu ba.

"Ɗan yawo, sai yanzu? An ce ka zama ɗan gidan masu kuɗi."

"Yaya, bari in shanya shi a rana tukuna. Fatar ta saki, ba shi da murya."

"Ni zan jira rana? Miƙo min cakina, ka goga haka nan."

Ya shafa ƙaro a izga, ya ja. Sautin ya fito a dishe, yana karkarwa, har kunya ta kama shi ya so ya tsaya. Sai ya ga Sanatu ta rufe ido tana murmushi, cakin na motsi a hankali a kan ƙirjinta.

"Kada ka tsaya," in ji ta. "Muryar Baba ce sak, lokacin da ya tsufa."

A waje direba ya yi ta danna ham. Ziblim ya gyara zama a bakin tabarmar yayarsa, ya naɗe ƙafafunsa biyu, ya ci gaba da gogawa.