Gafaka Uku da Zaren da Na Kwance

Gara in faɗi laifina tun farko. Kakana Malam Ilu baduku ne, ba ya rubuta sunan mai kaya, zare yake ɗaurawa. Bayan rasuwarsa na shiga shagonsa, na ga gafaka uku a rataye, wato jakar fata ta Alƙur'ani, kowace da zare mai ƙwari, launinsa daban. Na kwance duka na ɗinke ƙwallona. Ashe ja na mutumin Roni ne, kore na Gwiwa, baƙi na Babura. Kakata Iya kaɗai ta san haka. Ba ta dake ni ba. Cewa ta yi ba za a yi sadakar arba'in da amanar mutane a wuyan mijinta ba, kuma saura kwana huɗu.

Litinin, Kazaure zuwa Roni

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, Kawu Habu ya tada babur. Babur ɗin ya girme ni, tarinsa kuwa har bayan duwatsu ake ji. Bakwai saura kwata muka isa gidan Alhaji Sabo, tsohon direban babbar mota. Ya ce Malam Ilu ne ya zana masa zaki a bayan mota lokacin da suke zuwa Kumasi ɗauko goro, zakin da ko jaki ya gani sai ya ratse. Na zazzage gafaka ukun daga buhu, na faɗi abin da na yi. Ya ɗauki wadda ta fi kyau, ya ce ita ce. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Gwiwa

Awa ɗaya da 'yan mintoci, rabin hanyar a kan babur, rabi babur a kanmu. Baffa Jauro makiyayi ya gane tasa tun daga nesa, don maratayinta dogo ne, na mai bin shanu. Ya ce da ƙafa suka je Damagaram da kakana, daga nan kakan nawa ya wuce Agadas ya shekara biyu yana koyon rinin jar fata. Aka dama mana fura da nono. Na sha har sai da Kawu ya taka mini ƙafa.

Babura

Muka koma ta Kazaure, muka sha mai, muka miƙa gabas. A wani shinge jami'i ya leƙa buhu, ya ga gafaka, ya ce mu sa shi a addu'a. Ƙarfe huɗu muka shiga gari. Mai shayi ya ga ƙurar jikinmu ya faɗa mana farashi da sefa, kuɗin Nijar, kamar daga can muka fito.

Malam Buba, mai gafaka ta ƙarshe, idonsa ya tafi. Ya karɓa, ya shafa bayanta, ya zura yatsa ciki ya bi ɗinkin.

"Yaro, wannan ba tawa ba ce."

"Baba, ita kaɗai ta rage."

Ya ce a hanyar Makka ta ƙasa, cikin Sudan, maratayin gafakarsa ya tsinke a bakin kogi, Malam Ilu ya faɗa ruwa ya cafo ta. Tun ranar duk abin da zai ɗinka masa ɗinki biyu yake yi. Sai ya tambayi wa ya fara zaɓa. Kawu ya ce Alhaji Sabo.

"Sabo? Haka ya yi mini da takalmi a Kumasi."

A zaurensa muka kwana, bayan tuwon dawa da miyar kuka. Sauron Babura da sallama yake shiga, amma ba ya jiran a amsa.

Talata, Roni kuma

Da azahar muka sake tsayawa a ƙofar Alhaji Sabo. Kawu ya fara kame-kame, ni kuwa na roƙi izini na juya bakin gafakar. Ɗinki biyu, reras. Alhaji bai musa ba.

"Na sani tun jiya," in ji shi. "Shekara hamsin Ilu yana yi wa Buba mai kyau. Na ce sau ɗaya dai."

Ya riƙe ta jim kaɗan, ya miƙo, ya karɓi tasa, ya ce Allah ya jiƙan Ilu.

Laraba

Babur ya ƙi tashi, muka shiga motar haya zuwa Babura. Malam Buba ya zura yatsa, ya gyaɗa kai, ya rataya. Mun dawo Kazaure bayan la'asar. Iya ta tambaya sau ɗaya ko kowa ya karɓi tasa, muka ce e, sannan ta sa aka jiƙa gero. Na gode wa Allah, da Kawu, da Baffa Jauro saboda furar.

An yi sadakar ranar Juma'a. Ƙwallon kuwa tun ranar da na ɗinke ta ta sake fashewa.