Ƙullutun gidan mijina

Mutanen gidan mijina da ƙullutu ake gane su. A tsibirinmu, ƙasa da Yelwa, ko baƙo ya ga mutum ya naɗe wando zai tura kwalekwale, ya hango wani abu mai tauri ya turo kusa da gwiwarsa, ya san ɗan wane gida ne. Ba ya ciwo. Tun ana yara yake fitowa, in an girma ya tsaya. Har suna suka raɗa masa: mai tsini ƙahon akuya, mai faɗi curin fura. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da duka biyun, yakan ce shi kaɗai aka ba gadon a cike. Ba na iya faɗin wannan ba tare da kuka ba, kuma ba na jin kunyar kukan.

Ɗana na fari kuwa ya taso sumul. Inna, uwar maigidan, kowace safiya sai ta kira shi ta laluba gwiwoyinsa kamar mai zaɓen albasa a kasuwa. Sai ta ɗago ta dube ni.

A shekarar da aka ce ruwan Kainji zai ci tsibirin, ana gina mana gidaje a tudu, sai yatsan yaron ya kumbura ya yi tauri. Ni da murna na ja shi da gudu har ɗakin Inna. Ta juya yatsan, ta matsa, ta taɓe baki.

"Wanga ba namu ba ne. Namu a gwiwa yake, ko kafaɗa. Wa kika taɓa gani da shi a yatsa?"

A ranar ta faɗa a gaban kowa cewa in an tashi, ba ni da ɗaki a sabon gida. In koma Ngaski wurin ubana, ni da yaron.

Maigidan ya ce a je wurin likita a Yelwa. Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu, don kada a dawo mata da labari. Autanta, ƙanen maigidan, shi ya tuƙa mu, saurayi mai ji da kansa, wanda ko cikin ruwa da dogon wando yake shiga.

Likitan ya duba yatsan, aka ɗauki hoton ƙashin. Da ya ga gwiwar maigidan sai ya manta da yaron, ya yi ta shafawa yana kiran abokan aikinsa. Maigidan ya miƙe ƙafa ya ce wa tafinta, mai fassara tsakaninmu da likitan, "Gaya masa akwai wani a kafaɗa, in bai ƙoshi ba."

Tafinta ya ce mu tuna guringuntsin nan da ake gurgura a ƙarshen ƙashin akuya, daga shi duk abin yake. Wani yana tsirowa a wajen ƙashi kusa da gaɓa, da hular guringuntsi a kansa, shi ne na maigidan, shi ke bin jini. Wani yana zama a cikin ƙananan ƙasusuwan hannu ya kumbura su, shi ne na yaron, ba ya bin jini. Akwai kuma mai kwanciya a bayan ƙashi. Duk ba masu kisa ba ne, a dai dawo in ya yi ciwo ko ya ƙaru.

"Kun ji!" in ji Inna, ta gyara mayafi ta fice. Ba ta tsaya jin sauran ba: cewa ko a gidan da abin ke bin jini, wasu 'ya'yan suna samu, wasu ba sa samu.

A hanyar komawa ina rungume da yaron ina kuka. Sai da muka kai tsakiyar kogi maigidan ya ce, "Auta, naɗe wandonka."

"Yaya, me ya kawo wannan?"

"Naɗe dai. Inna za ta zaɓi albasa."

Ya naɗe. Gwiwa sumul kamar ta budurwa, dama da hagu.

"Inna," in ji maigidan, murya ƙasa-ƙasa, "shi wannan gidan wa za mu kai shi in an tashi?"

"Ɗan banza! Ni kake tambaya?"

Ta kai wa maigidan duka da maficinta, kwalekwale ya yi tangaɗi, Auta ya faɗa ruwa da wandonsa. Kafin ya hawo, Inna ta riga ta fizge yaron daga cinyata.

"Ke kuma ki daina jiƙa shi da hawaye. Zo nan, angona, mu ga wannan yatsan naka na 'yan birni."

A sabon gari ɗakina yana jingine da nata. Ita ta zaɓa.