Nonon Saniyarta

'Ya'ya biyu aka binne min kafin a sami wanda ya zaunar da ni ya gaya min abin da ke kashe su. Dukansu maza, lafiya lau na haife su a ɗakin Inna, mahaifiyata, a wani ƙauye bayan Gwaram. Kafin a sha suna ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, abin da suka tsotsa su amayar. Babu wanda ya kai arba'in. Aka ce shawara ce, aka ce iska, aka ce baki. Na sha saiwoyi har harshena ya daina jin ɗaci.

Ta ukun mace ce. Maigidana ya kafe sai dai in haihu a babban asibitin Birnin Kudu, tunda a garin muke zaune. Kwana huɗu, ita ma ido ya fara canzawa. Likita ya ji labarin na farkon, ya ajiye biro, ya sa aka gwada fitsarinta, aka aika jininta wani wuri, ya ce kada in ƙara ba ta mama sai ya ce. Na ce a raina, wannan wane irin likita ne, zai ƙarasa min 'ya da yunwa?

Da yamma wata gajeriyar mata ta shigo da gwangwanin madara a hannu. Matan ɗakin suna ce mata malamar abinci. Ta ja kujera har gwiwarta na taɓa gadona.

"Ni ba na allura, ba na rubuta magani," in ji ta. "Aikina abin da zai shiga cikin yarinyar nan. Ke da mijinki 'yan uwa ne?"

Na ce ɗan kawuna ne.

Ta ce akwai wani sukari a cikin kowane irin nono, na mutum da na dabba, jikin 'yata ba ya iya narkar da shi. Sai ya taru ya ɓata hanta, ya ɓata ido, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Gado ne, rabi daga wajena rabi daga wajen ubanta, kuma ba ya warkewa. Maganinsa ɗaya: kada nono ya shiga bakinta.

"Ba nononki ne ya lalace ba, baiwar Allah. 'Yar wata za ta sha ta yi ɓulɓul. Taki ce ba ta iyawa."

Ni da aka haifa a gindin garke, ni da na yi tallar nono a kasuwar Gwaram kafin a sa ni makaranta, wai jinina ne ba ya shan nono. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Madarar gwangwanin ta waken suya ce. Cikin mako guda ido ya washe. Daga nan na zama ɗalibar matar nan. Duk wata sai na kai yarinyar ta ɗora ta a sikeli, ta auna tsayinta, ta tambaye ni abin da ta ci tun daga safe, ta kuma tambaya ta wata fuskar ko za ta kama ni da ƙarya. Da aka fara ba ta abinci ta koya min kunun gyaɗa da garin waken suya, da ƙwai, da busasshen kifi dakakke, da zogale saboda ƙashi. Ta koya min juya ledar biskit in karanta ƙananan rubutun baya. Ban da kindirmo, ban da fura da nono, ban da alewar madara, ban da shayin mai shayi. Faɗa gare ta, wallahi, amma 'yata ta zauna, ta yi rarrafe, ta tashi ta yi tafiya.

Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: "Duk wanda zai riƙe ta in ba kya nan, kawo min shi in yi masa bayani da bakina."

Ban kai Inna ba. Ta yaya zan ɗauko uwata daga ƙauye wata ta zaunar da ita ta koya mata raino? Na dai gaya mata sama-sama, kaina a ƙasa, ta ce ta ji.

Yarinyar na da shekara biyu da rabi na sami wani cikin, ya zo da hawan jini, aka ce in kwanta. Inna ta zo ta goya jikarta ta tafi da ita, kamar yadda ake yi. Na haɗa mata garin kunu da takardar malamar abinci. Inna ba ta karatun boko. Ta karɓi takardar da hannu biyu ta soke ta a bayan jeren kwanoninta.

A gidanmu ranar suna ana ba jariri karsana. Baba ne ya ba 'yata tata, wata ja mai farin goshi. A daidai watannin nan karsanar ta yi haihuwar fari. In saniyar yaro ta haihu, shi ake fara ba madararta, haka muka taso muka gani.

Bayan wata biyu na ɗan ji dama-dama, na shiga mota ranar kasuwa na je ganinta. Na yi sallama na tarar da tsakar gida cike, gwaggonnina uku a kan tabarma. Yarinyar na zaune a cinyar Inna, ƙaramar ƙwarya a gabansu, ludayi a bakinta, madara na bin haɓarta.

Inna ta ga inda idona yake.

"Nonon saniyarta ne," ta ce. "Ba na kasuwa ba ne, ba na wani ba ne. Nata ne na kanta, ya za a yi ya cuce ta? Dube ta, ta fi yadda kika kawo ta."

Gwaggonnina suka ce ƙwarai kuwa, ai ciwon jarirai ne, ta wuce shi. Babbarsu ta ce, "Ku 'yan boko, a hana 'yar masu shanu nono, sai ka ce 'yar tsuntsu!" Aka kwashe da dariya.

Tunda na farkon ba su rayu ba, ita ce 'yar farina. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta nuna ta san da ita. Wadda ta yi, sai a yi shekara ana ba da labarin rashin kunyarta. Balle in miƙa hannu in fizge ludayi daga hannun wadda ta haife ni. Na san komai, babu abin da matar nan ba ta zuba min a kai ba. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na sha ruwa, na ci tuwo. Da la'asar na hau babur zuwa tasha. A mota na yi ta gaya wa kaina ai ba ta amai, ai ta yi ƙiba, wataƙila ta wuce shi ɗin. Maigidana ya tambaye ni ya yarinya, na ce lafiya lau.

Wata uku ta ƙara a can, har na haihu na yi arba'in. Namiji ne, an gwada shi, bai ɗauko ciwon ba. Muka je ɗauko ta ni da ubanta. Ta taho da gudu da ta ji muryarsa, ta yi karo da turmi. Ta tashi ta karkatar da kai tana nemansa. Ya ɗaga ta ya juya fuskarta wajen rana, sai ga fari-fari a tsakiyar baƙin idon, duka biyun.

Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli Inna ba, ranar har maƙwabta suka ji shi. "Gwaggo, kin makantar min da 'ya!"

Inna ta dube ni sau ɗaya. Ta ce, "Uwarta ba ta sani ba. Ni kaɗai na yi." Gwaggonnina ma babu wadda ta tona ni.

Muka kai yarinyar asibiti. Malamar abinci ba a yi mata irin wannan rufa-rufar. Ta bari uban yarinyar ya fita karɓo kati, ta ce, "Wata biyar ba ki je ganinta ba?"

"Na je."

"Kin gani?"

Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Sau nawa na ce ki kawo min mai riƙonta?" Ta jawo sabuwar takarda ta fara rubuta abincin safe, daga farko, kamar ranar muka haɗu.

An yi wa yarinyar aikin yanar ido a Kano. Na dama ya samu, da tabarau mai kauri. Na hagu haske kawai yake gani. Yanzu shekararta takwas, a bencin gaba take zama a aji, ita ke juya leda da kanta ta kai har hancinta ta karanta. Ubanta ya hana a kai ta ƙauye. Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta hawa mota, sai dai ta aiko da gyaɗa da kuka ta ce a gaishe da mutuniyar.

Watan jiya aka kawo saƙon muna cin abincin rana. Yarinyar ta ture ƙullin gyaɗar da bayan hannu.

"Ba na ci. Ita ta ɓata min ido." Ta juyo da na daman ta dube ni. "Da kina wajen da kin hana ta, ko Umma?"

Ubanta na zaune, yana jiran amsata shi ma.

Na ce, "Ci abincinki, zai huce."