Rabin Goron Baba

Jiya rediyo ya ambaci bam ɗin da aka jefa wa Japan, sai na tuna Baba, tsohon sojan da ya yaƙi Japanawa a ƙasar Bama.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, muna zaurensa a Ƙofar Marusa, ya ce, "Ba don bam ɗin nan ba, da ban dawo na haife ku ba."

Na ce gaskiya ne, don tsoron saɓa masa.

Ƙanena Lawal ya ce, "Baba, yaran da suka ƙone fa?"

Baba ya ɓare farin goronsa, ya miƙa wa Lawal rabi. Ni ko kallo ban samu ba.

Har yau abin yana cina, ina istigfari. Allah ya jiƙan Baba, ya wanke mini zuciya.